Harsashin Baba Haladu

Na sauka a tashar motar Garwa da azahar, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kwana uku ke nan rabona da Damagaram. Mutumin da aka ce zai tarbe ni bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Na tsaya rungume da jaka ina sauraren mutane. Kowa Fillanci yake yi, ko wani Faransanci mai gudu wanda bai yi kama da wanda mushe, malaminmu, ya koya mana a makaranta ba. Mu ma muna da rana a garinmu, amma tamu busasshiya ce. Ta Garwa tana da laima saboda kogi, tana manne wa mutum kamar rigar leda.

Abin da ya kai ni talla ce da wata ƙawata ta turo mini a waya. Ana neman mace mai jin Hausa da Faransanci, mai murya a fili, don aikin wata na'urar fassara da za ta taimaki marasa lafiya su yi magana da likita. Wata shida. Da jin an ce aikin asibiti ne mahaifiyata ta sa mini albarka.

Ina zaune kan jakata na kira ta, ina ce mata na iso lafiya, an tarbe ni, alhali hawaye na zuba. Da na kashe wayar sai na ga wani dattijo tsaye a kaina, gajere, kakkaura, da jakar fata a kafaɗa.

"Ke 'yar nan, wannan harshen na Damagaram ne, ko a cikin rijiya na ji shi."

Na ce, "Eh, Baba."

"Innalillahi! Kakanninku sun zo Kano a kan doki sun kasa shiga, ke kin biyo ni Garwa da jaka. Tashi mu je. Bakano ba ya barin baiwarsa a tasha."

Wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san wannan ba zagi ba ne, tarba ce. Sunansa Baba Haladu, mahauci ne a babbar kasuwa. Kakansa ne ya ga Kano, shi bai taɓa taka ta ba, amma ya riƙe wasan kamar gadon gona. Ya kai ni gidansa a unguwar Jambutu, ya damƙa ni ga matarsa, Inna Dudu, Bafillatana mai ƙarancin magana. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin 'yarta da ta yi aure. Tun daga ranar bai taɓa kiran sunana ba. Badamagariya, shi ke nan.

Washegari na samu ofishin. Gida ne mai doguwar katanga, babu allo a ƙofa. Shugaban aikin, Mushe Alber, mutumin kudu ne mai gilashi da fara'a. Ya ba ni haƙuri kan jiya, ya karɓi fasfona wai za a yi mini takardar zama, ya miƙo mini takardu na sa hannu cewa ba zan faɗa wa kowa abin da muke yi ba. Ban karanta su duka ba. Kunya nake ji ya ga ina bin layi da yatsa.

Aikina shi ne in shiga wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, in sa abin ji a kunne, in karanta jimloli. Ina ke maka ciwo? Tun yaushe? Buɗe bakinka. Daga safe har la'asar ba na jin muryar kowa sai tawa. Sauran ma'aikatan maza ne, suna hira da Faransanci kan ƙwallo, in na shigo su gaishe ni su ci gaba. Abincin rana ni kaɗai nake ci a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ina kallon motocin auduga suna wucewa.

A mako na uku jimlolin suka canza. Sauko daga babur. Buɗe jakarka. Ɗaga hannunka sama. Wa ka sani a ƙetaren iyaka?

Na fito na samu Mushe Alber. Na ce, "Mushe, wane likita ne ke cewa a ɗaga hannu sama?"

Ya yi dariya, ya ja ni gaban allo, ya zana tsani mai hawa tara. Ya ce ma'aikatar tsaro ta wata ƙasar waje ce ta ba wata jami'a kuɗin bincike, malaman jami'ar suka ƙera ƙwaƙwalwar abin, shi ne hawa na farko zuwa na huɗu. Daga nan kamfaninmu ya karɓa ya sa ta cikin akwati wanda zai jure zafi da faɗuwa. Ya ce yawancin irin waɗannan na'urori a tsakiyar tsani suke mutuwa, an gama su a ɗakin bincike amma ba su taɓa shiga hannun soja ba. Ya ɗora alli kan hawa na shida.

"Nan muke. In sojoji suka gwada ta a kan hanya ta gaske ta yi aiki, mun hau na bakwai, sai a fara maganar saye. Asibiti zai zo daga baya. Komai da soja yake farawa, madmazel, har wayar da ke hannunki."

Na ce ina son fasfona. Ya ce yana wurin masu takarda, ba a gama ba.

Ban gaya wa mahaifiyata ba. Ban gaya wa mutanen gidan ba. Da yamma Baba Haladu kan dawo da ƙunshin hanta ya ce, "Badamagariya, ci, kar a ce na bar bayina da yunwa. Me kuke yi ne a wannan gida marar suna?" Sai in ce fassara. Sai ya ce, "To a fassara mana ke, don ni har yau ban gane ki ba." In yi dariya in shige ɗaki. Mutum yana cikin gidan da ake son sa amma yana ɗauke da abin da ba zai faɗa ba, wannan kaɗaicin ya fi na tasha.

Yanzu zan faɗi laifina, don ba na son a ɗora shi duka a kan wasu.

Akwai wani jeri da ake kira jajayen kalmomi. Duk wadda na'urar ta ji daga ciki, fuskarta za ta yi ja ta yi ƙara. Ni aka ba in cika. Gaban kowace kalma akwai gurbin ma'anarta da Faransanci, sai wani ƙaramin gurbi mai tambaya: tana da wata ma'ana? In ka ce eh, dole ka koma ɗakin soso ka karanta jimla goma na misali. Wata rana kaina na ciwo, ƙarfe huɗu ta wuce. Na zo kan kalmar harsashi. Na rubuta abin da ake sa wa bindiga. Na tsaya. Na tuna ina jin gidajen rediyon Najeriya suna cewa an aza harsashin ginin makaranta. Amma mu a garinmu tushe muke cewa, ko fondasiyo. Na ce a raina, wa zai yi maganar gini a gaban soja? Na bar gurbin babu komai, na ɗauki jakata na tafi gida.

A wata na huɗu aka ce za a yi gwaji a hanyar Mokolo, kwana goma. Muka bi ta Marwa, daga nan muka hau cikin duwatsu, manya-manya jibge kan juna kamar wani ya zubar ya manta. Aka sauke ni a wani masauki a bakin gari, aka ce kar in fita, ni baƙuwa ce kuma ba ni da takarda, yankin kuwa ya sha hare-hare, ba a wasa da baƙo. Taga ɗaya gare ni. Ta cikinta nake ganin mata suna saukowa daga dutse da kaya a ka ranar kasuwa, babura suna ratsa su. Ba wadda ta san ina nan.

Na'urori uku aka ba sojojin da ke shingen shiga gari. Soja ya yi tambaya da Faransanci, akwatin ya maimaita da Hausa, da muryata. Matafiyi ya amsa, akwatin ya mayar da Faransanci. Ni kuma kowace safiya a kawo mini abin da aka naɗa jiya, in saurara, in sa alamar daidai ko kuskure. Na ji tsofaffi suna amsa mini da ladabi. Na ji wata mata tana ce wa akwatin, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ban san me zan yi da wannan albarkar ba.

Na san Baba Haladu yana da ƙanwa a Mokolo, Goggo Asabe, wadda mijinta ya rasu, damina kuma ta rushe mata ɗaki. Ya sha faɗin zai je ya tayar mata da wani. Kullum ina addu'a kar ya zo a cikin kwanakin nan goma.

Safiya ta bakwai, naɗi na goma sha ɗaya. Na ji muryata ta ce, "Sannu. Ina za ka?"

Sai wata dariya da na sani.

"La'ilaha illallahu! Badamagariya? Ke ce aka cusa a akwati? Dama na ce wa Dudu kin rame!"

Muryata ta ce, "Me ka ɗauko?"

"Ji ta, wai me na ɗauko. Wuƙaƙena ne, kin san ba na rabuwa da su. Kayan harsashi na riga na tura a mota tun jiya. Gobe da sassafe za mu zuba, na tara maza shida."

Sai ƙarar nan. Sai ihu da Faransanci, da ƙarar bindiga ana ɗana ta, da wani abu ya faɗi ƙasa. Sai muryarsa, ta canza, ta zama ta tsoho.

"Me na yi? Ke 'yar nan, gaya musu mana. Salamatu! Salamatu, gaya musu!"

Ashe ya san sunana.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Mushe Alber ba. Na sa masa ya ji, na bayyana masa. Ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce ya san da maganar, mutumin yana tsare tun jiya, daga baya ya yi ta rantsuwa da Fillanci cewa siminti ne da rodi, amma kowa in an kama shi yana canza magana. Gobe za a wuce da shi Marwa.

Na ce, "Mushe, kuskuren nawa ne. Mu je mu faɗa musu."

"Jibi manyan hafsoshi za su zo ganin gwaji. Shekara huɗu mutane suna aikin nan. Rubuta shi a takarda, bayan jibi ni da kaina zan bi maganar."

"In aka kai shi Marwa fa?"

Ya mayar da gilashinsa. Ya ce, a hankali, kamar mai ba ƙanwarsa shawara, "Kin sa hannu. Kuma ki tuna, ke 'yar wata ƙasa ce, a bakin iyaka, babu fasfo a hannunki. In kika shiga wurinsu kina kare mutumin da aka kama da wuƙaƙe, wa zai fito da ke?"

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Ba zan yi ƙarya in ce jarumta ta zo mini ba. Na yi tunanin mahaifiyata da ke cewa 'yarta na aikin asibiti. Na ce bari in jira jibi, ai jibi ba nisa. Amma abin jin yana kan gado, ko ban sa shi a kunne ba ina jin Salamatu, Salamatu. Da aka kira azahar na yi salla, na yafa gyale, na fita ta ƙofar baya na tare babur.

Shingen buhunan yashi ne da rumfar kwano. Da na buɗe baki na yi sallama, sojan da ke gadi ya zabura ya dubi akwatin da ke rataye a ƙirjinsa, ya dube ni. Ya kira abokinsa, "Zo ka ga, rediyon ta fito da ƙafa!" Wannan ne ya sa aka kai ni gaban shugabansu, wani laftana matashi, shi ma mutumin kudu, idanunsa ja don rashin barci. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fillanci.

Na yi masa bayani da Faransancina na makaranta, ina haɗa kalmomi ba daidai ba. Ya bar ni na gama. Ya tambayi takarduna. Na ce suna wurin kamfani. Ya tambaya ko na san mutumin. Na ce a gidansa nake zaune. Na ga fuskarsa ta rufe.

"Wato ke kika koya wa na'urar, yanzu kuma ta kama mai gidanki, kin zo ki ce ƙarya take. Madmazel, na binne abokaina a kan hanyar nan. Me zai sa in yarda da ke?"

Na ce, "Kar ka yarda da ni. Ka aika a kawo magini mai jin Hausa, wanda kai ka zaɓa, wanda ban taɓa gani ba. Ka tambaye shi da na'urar yadda ake fara gina ɗaki."

Ya aiki sojoji biyu cikin gari. Sannan ya ce in zauna a kan benci, in na motsa ko na yi magana za a ɗaure ni. Na zauna. A bayan rumfar akwai wani ɗaki na kwano da kwaɗo a ƙofa. Ban yarda na kalle shi sau biyu ba.

Bayan kamar awa ɗaya suka zo da wani tsoho, ƙafafunsa fari fat da siminti, yana ta salati don bai san me ya yi ba. Laftana ya yi magana a cikin akwatin. Muryata ta fito, a natse, kamar ba ni ce ke zaune a kan benci ba: "Idan za ka gina ɗaki, me kake fara yi?"

Tsohon ya dubi akwatin, ya dubi sojoji. "Don wannan aka sauko da ni daga kan katanga? To, ranki ya daɗe, sai a auna. A haƙa rami. A zuba harsashi, a bar shi ya sha ruwa kwana uku."

Fuskar akwatin ta yi ja. Ƙarar ta tashi. Ta faɗa wa laftana da Faransanci cewa mutumin zai haƙa rami, ya zuba albarusai, ya shayar da su ruwa kwana uku.

Wani soja ya tuntsire da dariya. Laftana bai yi ba. Ya kashe akwatin, ya tura mutum biyu gidan Goggo Asabe. Suka dawo suka ce sun ga rami mai kusurwa huɗu, da buhunan siminti, da rodi, da wata tsohuwa zaune a bakin ramin tana kuka.

Kafin magariba aka buɗe ɗakin kwanon. Baba Haladu ya fito babu hula, yana dafa bango, da shatin igiya a wuyan hannunsa. Aka miƙa masa jakar fatarsa. Ya zaro wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ya duba bakinsu, ya mayar. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu." Ya ce, "Yawwa." Ya wuce ya bi hanyar gari.

Mushe Alber bai yi mini faɗa ba. Washegari ya sa ni na karanta jimla goma na harsashin gini a cikin mota, an rufe tagogi. Minti goma aka yi aka gyara. Na ce masa akwai wasu kalmomin irinta. Ana kashe wuta, ana kashe magana, ana yanka fili, ana ɗaure aure, ana harba babur. Ya ce babu lokaci. Huɗu na samu na gyara. Ranar da hafsoshi suka zo, an ce har labarin Baba Haladu Mushe Alber ya ba su, a matsayin shaidar cewa na'urar tana koyo daga fili. Suka tafa. Aka hau hawa na bakwai. Da yamma ya ce aikina ya ƙare, suna da isasshiyar muryata. Ya jawo aljihun jakarsa ya fito da fasfona. Babu wani hatimi sabo a ciki. Tun ranar farko yana nan.

Na koma Garwa ni kaɗai a motar haya, na kwana uku a Jambutu ina haɗa kaya. Inna Dudu kullum sai ta ajiye mini kwanon tuwo da miyar yakuwa a bakin ƙofa. Baba Haladu ya dawo a rana ta biyu, an zuba abin da aka je zubawa. Ya daina zama a tsakar gida. Ya daina kawo hanta. Ba wanda ya kira ni Badamagariya.

Ranar tafiyata na fito da jaka na same shi tsaye a ƙofar gida, ya sa sabuwar hula. Ya karɓi jakar ya ɗora a babur, ya raka ni har tashar da ya tsince ni. Ya miƙo mini ƙunshin kilishi, mai nauyi, ya ce na mahaifiyata ne. A nan na gaya masa komai, da ciwon kan, da ƙarfe huɗun, da gurbin da na bari. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Wannan na yafe tun a ɗakin kwano. Kalma ce, ta fi ki shekaru." Ya gyara hularsa. "Shekara arba'in ina bin hanyoyin nan, Salamatu. In soja ya tambaye ni, eh ko a'a nake cewa, in wuce. Ban taɓa ba soja labari ba. Muryarki na ji na saki jiki."

Direba ya fara kiran fasinja.

Yau wata biyar da dawowata Damagaram. Mahaifiyata ta ga na daina aika saƙon murya a waya, sai rubutu, ta ce ko aljanun Kamaru ne. In na ji ƙara irin ta na'urar nan sai gabana ya faɗi. Ina da wani littafi da nake rubuta kalmomi masu fuska biyu, na cika shafi tara, ban san wa zan aika wa ba. Na dawo gida, amma muryata tana can rataye a ƙirjin wani, tana yi wa tsofaffi sannu.

Ranar da na baro Garwa, da motar za ta tashi, Baba Haladu ya zo jikin taga ya ƙwanƙwasa gilashi. Na zuge. Na ɗauka wasan zai dawo, har na fara murmushi.

Ya ce, "Wata mai zuwa zan koma in yi wa Asabe rufi. In na same ki a shingen zan amsa gaisuwarki. Amma kar ki ji haushi, 'yar nan, ba zan yi hira da ke ba."